Mai Bi da Zafin Ciwo: Ko Tabar Wiwi da Man CBD Magani Ne?

Nassoshin karatu: Farawa 1:29-31, 2 Sarakuna 4:38-41, Karin Magana 31:4-7, Luka 10:30-37, 1 Korantiyawa 6:12-20

Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 6:12

Manufar darasi: Iyalin masu bi su san gaskiyar abin da ake faɗi a kan wiwi da man CBD, su auna shi da Maganar Allah, su kuma san yadda za su taimaki mai ciwon da ke cikin gidansu.

GABATARWA

Da wuya a sami gida a ƙasar Kontagora wanda ba shi da mai fama da wani ciwo da ya ƙi tafiya. Ga manomi a Mariga ko Rijau wanda ya shekara talatin a sunkuye da fartanya, yau bayansa ya hana shi barci. Ga tsohuwa wadda gwiwoyinta suka hana ta zuwa sujada. Ga yaro mai amosanin jini da yake kwana yana kuka da zarar hunturu ya shigo. Ga kuma uwa mai ciwon daji wadda aka dawo da ita gida, 'ya'yanta suna jin nishinta, ba su da abin yi.

A shekarun baya, tambaya ɗaya fastoci suke samu game da tabar wiwi, wato yaya za a raba samari da ita. Yanzu wata sabuwar tambaya ta shigo, kuma daga bakin iyaye da dattawa take fitowa. Sun ji an ce Turawa sun mai da wiwi magani. Sun ga ana tallar wani mai da ake kira CBD a Facebook da WhatsApp, ana cewa ba ya bugarwa, yana kuwa kashe kowane irin ciwo. Sai su ce, "Baba Fasto, idan abin zai ba mara lafiyarmu sauƙi, laifi ne mu gwada?"

Wannan tambaya ta cancanci amsa ta gaskiya. Idan muka ce haramun ne kawai muka ja bakinmu, mai ciwo zai koma gida da ciwonsa, kuma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Saboda haka za mu bi zancen daki daki: abin da Nassi ya koyar, abin da likitoci suka gano, abin da doka ta tanada, sa'an nan abin da ya wajaba a kanmu.

1. NEMAN SAUƘIN CIWO BA RASHIN BANGASKIYA BA NE

Akwai wani kuskure da ya daɗe a tsakaninmu. Waɗansu masu bi suna ɗauka jimre wa azaba ba tare da magani ba alama ce ta ƙarfin bangaskiya. Al'adarmu ma tana mara wa wannan tunani baya, gama tun muna yara aka koya mana namiji ba ya raki, mace kuma ba ta ihu a kan gwiwa.

Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali, Allah ya ji addu'arsa ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:1-7). Addu'a da magani suka tafi tare. Basamariyen da Ubangiji ya ba mu misali da shi ya wanke raunukan mutumin da mai da ruwan inabi, ya ɗaure su, ya kuma biya kuɗin jinya daga aljihunsa. Bulus ya shawarci Timoti a kan abin da zai sha saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23), kuma abokin tafiyarsa Luka likita ne (Kolosiyawa 4:14).

Wani zai ce, ai Yesu ya ƙi shan ruwan inabin da aka gauraya da mur a Golgota (Markus 15:23). Gaskiya ne. Amma a wannan sa'a Ubangijinmu yana ɗauke da zunubin duniya ne, aikin da babu wani a cikinmu da aka kira ya maimaita. Ya zaɓi ya gama shi da cikakken hankalinsa. Bai kafa wa marasa lafiya doka da wannan ba, shi da ya ƙare kwanakin hidimarsa yana warkar da masu ciwo.

Iyayenmu a bangaskiya sun gane wannan sarai. Masu mishan da suka kawo Bishara ƙasashen Kambari, Dukawa da Dakarkari sun zo da akwatin magani tare da Littafi, kuma asibitin Tungan Magajiya shaida ne. Don haka kada mai ciwo ya ji kunyar neman sauƙi. Abin dubawa shi ne ta wace hanya zai neme shi.

2. MENE NE A CIKIN WIWI?

Wiwi tsiro ne wanda asalinsa daga Asiya yake. A cikinsa akwai sinadarai 'yan gida ɗaya fiye da 100, amma biyu ne suka fi shahara. Na fari ana kiransa THC, shi ne mai juya kai, mai kawo maye. Masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su suka ware shi a 1964. Na biyu shi ne CBD, wanda Roger Adams ya fara warewa a Amurka a 1940. CBD ba ya bugarwa, kuma a 2018 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa tsantsarsa ba ta nuna alamar kama mutum kamar yadda ƙwaya take yi.

Daga baya aka gano cewa a cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan ƙofofi da THC yake shiga ta cikinsu, a 1992 kuma aka tabbatar jiki da kansa yana sarrafa wani sinadari mai buɗe waɗannan ƙofofi. Suna da hannu a jin zafi, barci da cin abinci. Suna kuma da hannu a tunani, tunawa da tsoro. Shi ya sa abin da ya taɓa zafin ciwo ta wannan hanya yakan taɓa hankali ma.

Amfani da wiwi a likitanci ba sabon abu ba ne. Wani likita ɗan Ailan mai suna William O'Shaughnessy, wanda ya yi aiki a Kalkata ta Indiya, ya ba da rahoton gwajinsa a kai a 1839, likitocin Turai kuma suka yi ta ba da shi shekaru masu yawa. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa suka bar shi shi ne ƙarfinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kwalbar yau ta yi rauni, ta gobe ta kayar da mutum.

A zamaninmu akwai magunguna kaɗan da aka amince da su daga wannan gida. A 1985 Amurka ta yarda da wani maganin THC domin tashin zuciya da aman da masu shan maganin ciwon daji suke yi. A 2010 Ingila ta yarda da Sativex domin wata cutar jijiyoyi mai sandarar da gaɓoɓi. A 2018 Amurka ta yarda da Epidiolex, wato tsantsar CBD, domin waɗansu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Mai karatu ya lura da abu biyu. Kowannensu an auna shi a masana'anta, likita ne kuma yake rubuta shi. Sa'an nan babu ko ɗaya da aka yi wa rajista domin ciwon baya, ciwon gwiwa ko amosanin jini.

3. ABIN DA BINCIKE YA NUNA A KAN ZAFIN CIWO

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya gaba da baya, domin mai bi ba ya kāre gaskiya da ƙarya.

A 2017 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto, ta ce akwai shaida mai ƙarfi cewa magungunan wiwi suna rage daɗaɗɗen ciwo ga manya. Wannan shi ne abin da 'yan talla suke riƙewa. Abin da ba su faɗi shi ne yawancin gwaje-gwajen an yi su ne da magani aunanne, a kan ciwon jijiyoyi, na ɗan gajeren lokaci, sauƙin da aka samu kuma kaɗan ne. Da aka ƙara dubawa, sai a 2019 hukumar da take tsara wa asibitocin Ingila ƙa'idojin magani ta ce kada a ba masu daɗaɗɗen ciwo waɗannan magunguna. A 2021 Ƙungiyar Nazarin Zafin Ciwo ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan amfani da su gaba ɗaya domin ciwo, saboda shaidar da ake da ita ba ta isa ba. A wannan shekara kuma wani rukunin likitoci ya ce ana iya gwada wanda ba na hayaƙi ba idan sauran magunguna sun kāsa, amma su ma sun yarda sauƙin ƙanƙane ne.

Labarin CBD shi kaɗai ya fi wannan rauni. A 2024 masana daga jami'o'in Bath da Oxford a Ingila da ta Alberta a Kanada sun tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi da CBD a kan ciwo. A cikin 15 daga ciki, CBD bai fi ƙwayar da ba ta da magani a cikinta ba.

Iyayen masu amosanin jini su lura da wannan. Kusan jarirai 150,000 ake haifa da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, don haka mu ne kasuwar da 'yan talla suke hari. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2020, mutum 23 masu wannan cuta sun shaƙi tururin wiwi a wani lokaci, a wani lokaci kuma tururin da ba kome a ciki. Ba a sami bambancin da za a dogara da shi a zafin ciwonsu ba.

To, me ya sa waɗansu suke rantsuwa ta yi musu aiki? Ba lalle ƙarya suke yi ba. Maye yakan sa mutum ya daina damuwa da ciwo na ɗan lokaci, barci ya ɗauke shi. Sa rai shi kansa yakan kawo sauƙi. Ciwo mai daɗewa kuma yakan tashi ya kwanta da kansa, sai abin da aka sha ranar da ya kwanta ya karɓi yabo. Saboda haka ne likitoci ba su dogara ga shaidar mutum ɗaya, komin amincinsa.

Akwai kuma batun abin da ke cikin kwalbar. A 2017 masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD iri 84 ta intanet suka auna. Kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta a jiki, kuma an sami THC a cikin 18. Idan haka take a ƙasar da ɗakunan gwaji suka yi yawa, ina ga kwalbar da ta iso Kontagora a motar haya, ba lambar NAFDAC, ba sunan wanda za a kama?

4. ABIN DA JIKI DA GIDA SUKE BIYA

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Ɗaya cikin kowane huɗu na masu shan ƙwaya mace ce.

Illolin da aka tabbatar su ne waɗannan. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan wiwi takan kama shi har ya kāsa bari, ga wanda ya fara yana saurayi kuwa 1 cikin 6 ne. Wani bincike da aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil, aka buga a 2019, ya nuna mai sha kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali sau 3, idan kuma mai ƙarfi yake sha, kusan sau 5. Hayaƙin yana kawo tari da majina a ƙirji. Mai ciki da take sha takan haifi jariri marar nauyi. Direba ko ɗan acaba da ya sha ya fi haɗari a kan hanya. Wadda ake sayarwa yau ma ta fi ta zamanin iyayenmu ƙarfi nesa, balle irin su Loud da Colorado da jami'ai suke kamawa.

CBD ma ba ruwan sha ba ne. Yana iya taɓa hanta, yana kawo barci da gudawa, yana kuma rikita aikin waɗansu magunguna, kamar na farfaɗiya da na tsinka jini. A 2023 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta rage abin da ta shawarci baligi ya sha a rana daga miligiram 70 zuwa 10.

Mu mutanen Arewa mun riga mun bi wannan hanya sau biyu. Tiramadol maganin ciwo ne na ƙwarai a hannun likita. Da ya fita daga asibiti ya shiga tasha da gona, sai ya zama abin da lebura yake sha don kada ya ji gajiya. Binciken da muka ambata ya ƙidaya mutum miliyan 4.6 masu shan irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa ƙa'ida ba. Kodin kuma maganin tari ne, har ya shiga ɗakunan matan aure da 'yan mata, sai da Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Dukansu da sunan magani suka shigo. Garin neman gira, gidaje da yawa sun rasa ido.

5. "AI ALLAH NE YA HALICCI GANYE"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, ana jingina ta ga Farawa 1:29. Gaskiya ne Allah ya halicci kowane tsiro, ya kuma ga yana da kyau. Amma ayar tana zancen abinci ne, kafin faɗuwar mutum. Zaƙami ma Allah ne ya halicce shi, haka tinya, haka rogo mai ɗaci wanda sai an jiƙa an tace kafin a ci. Ba mu taɓa jin uwa ta dafa wa ɗanta zaƙami don Allah ne ya halicce shi ba.

Labarin Gilgal ya dace da mu ƙwarai (2 Sarakuna 4:38-41). Ana yunwa, Elisha ya sa a ɗora tukunya domin almajiran annabawa. Wani ya fita jeji neman ganye, ya ga wata yaɗo mai 'ya'ya, ya cika rigarsa, ya yayyanka a tukunya, alhali bai san ko mene ne ba. Da aka fara ci sai aka gane guba ce. Mutumin nan ba mugu ba ne. Yunwa ce ta tura shi, ƙauna ce ta sa ya kawo, rashin sani ne ya kusa hallaka su. Haka ɗan da ya ga mahaifiyarsa cikin azaba zai iya kawo mata kwalba da kyakkyawar niyya, ya ƙara mata wata cuta.

Magunguna da yawa daga tsiro suka fito. Kwinin daga ɓawon itace yake, mofin daga wani fure, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau kuma asalinsa daga wani ɗan'uwan tazargade ne. Muna da misali a gida. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗin gargajiya na amosanin jini daga hannun wani malamin coci, Rabaran Paul Ogunyale, wanda a cikinsa akwai masoro, kanumfari da karan dafi. Masana ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe suka auna shi, suka gwada shi a kan marasa lafiya, aka buga sakamakon a 2001, maganin ya fito da suna Niprisan. Wannan ita ce hanyar da ganye yake bi ya zama magani: a san abin da ke ciki, a san gwargwado, a gwada, a sa ido.

Karin Magana 31:4-7 ta ba mu wata hikima. Mahaifiyar Sarki Lemuwel ta hana ɗanta abin maye domin kada ya manta da shari'a ya danne hakkin matalauta, amma a nan take ta yarda a ba wanda yake bakin mutuwa. Abu ɗaya ne, hukunci biyu. Wanda yake da iyali a wuyansa, da gona, da makaranta, da tuƙi, yana bukatar hankalinsa cikakke. Wanda kwanakinsa suka ƙare cikin azaba kuwa jinƙai ne ya dace da shi, kuma kamar yadda za mu gani, akwai maganin da ya fi wiwi yi masa aiki.

Bulus ya ba Korantiyawa ma'auni biyu ga duk abin da suke taƙama suna da 'yancin yi: ko yana da amfani, ko kuma zai mai da mutum bawansa (1 Korantiyawa 6:12). Ya tuna musu jikinsu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Afisawa 5:18 ta hana buguwa, 1 Bitrus 5:8 ta kira mu ga natsuwa da tsaro, kamunkai kuma yana cikin 'ya'yan Ruhu (Galatiyawa 5:22-23). Nassi bai ambaci wiwi da suna ba, amma ya ambaci abin da take yi wa mutum.

6. ABIN DA DOKA TA TANADA

A Nijeriya noma wiwi, sayar da ita, ajiye ta da shan ta duka laifi ne. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomawa, kafin a sassauta ta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, dokarta kuma ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi. Man da aka tatso daga wiwi bai kuɓuta daga wannan ba don an zuba shi a kyakkyawar kwalba. Yawancin wiwin da ake sha a Arewa daga dazuzzukan Ondo, Edo da Delta take fitowa, hanyar Jebba zuwa Mokwa a jiharmu kuwa tana cikin hanyoyin da jami'ai suke yawan tare ta. Kowace naira da aka ba mai sayarwa tana ciyar da wannan fatauci ne, wanda yake cinye 'ya'yanmu.

Muhawara tana nan. Marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya yi kira tun 2019 a yarda a noma ta domin magani, an kuma gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai waɗanda ba su zama doka ba. Lesoto ta fara ba da lasisin noma ta domin magani a 2017, Maroko ta bi a 2021. Ranar 2 ga Disamba 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga jerin mafi tsanani da ƙuri'a 27 a kan 25, domin a buɗe ƙofar bincike. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Ko bayan ƙuri'ar, wiwi ta ci gaba da zama a jerin abubuwan da ake tsananta tsaro a kansu.

Romawa 13:1-5 ta umarce mu mu yi biyayya ga hukuma saboda lamiri. Wannan doka ba ta hana mu bauta wa Allah ba, ba ta kuma tilasta mu yin zunubi ba, don haka ba mu da hujjar karya ta. Idan wata rana doka ta sauya, likita ya rubuta wa wani mai farfaɗiya aunannen magani daga wannan tsiro, ikilisiya ba za ta la'anci wannan ba, kamar yadda ba ta la'antar mofin. Wannan dabam yake da ƙullin da ake saya a bayan tasha.

7. ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Hani shi kaɗai ba ya kwantar da ciwo. Dole mu yarda cewa mutanenmu suna shan azabar da ba dole ba. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa Nijeriya tana samun kashi 0.2 cikin 100 ne kawai na mofin da marasa lafiyarta suke bukata. Ga tsadar asibiti, ga rashin tsaro da ya sa fita daga waɗansu ƙauyukanmu ya zama da wuya. Wannan giɓi ne 'yan talla suke cikewa. Ga abin da iyali da ikilisiya za su iya yi.

Na ɗaya, a nemi sanadin ciwon. Jiki magayi ne. Ciwon baya yana iya zama gajiya, yana iya zama tarin fuka na ƙashi. Kumburi a nono da aka gano da wuri yana da magani. Wanda ya rufe bakin ciwo da maye ya kashe ɗan aike ne tun bai ji saƙo ba. A fara da Babban Asibitin Kontagora ko asibitin da ya fi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu akwai Minna, akwai asibitin tarayya a Bida, akwai asibitocin koyarwa a Shika ta Zariya da Sakkwato.

Na biyu, a yi amfani da magungunan da aka sani bisa ƙa'ida. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan maganin ciwon daji, daga farasitamol har zuwa mofin. Baligi kada ya wuce ƙwaya 8 na farasitamol mai miligiram 500 a yini. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai ciki kada su sayi irin su ibufurofin a kemis sai da izinin likita. Mai ciwon daji da likita ya rubuta wa mofin ya sha da godiya ga Allah, iyali kuma su tambayi likita a fili ko akwai shi. Ciwon baya da na gwiwa sukan ji gashin ƙashi da motsa jiki. Mai amosanin jini yana bukatar ruwa da yawa, ɗumi, gidan sauro, da zuwa asibiti a kai a kai, akwai kuma maganin haidiroksiyuriya da yake rage yawan tashin ciwon. Samari da 'yan mata su yi gwajin jini tun zance bai yi nisa ba.

Na uku, a ɗauki kayan juna (Galatiyawa 6:2). Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ikilisiya ta ware asusun jinya, komin ƙanƙantarsa. Zumuntar Mata ta tsara ziyara domin mai jinya ma ta sami hutu. Matasa su yi wa dattijon da baya ya kayar gayya a gonarsa. Kaɗaici da damuwa suna ƙara zafin ciwo, kuma abokan Ayuba sun fi yi masa amfani a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi shiru. Dattawa su je su yi addu'a bisa ga Yakubu 5:14, su kuma tambaya ko akwai kuɗin mota zuwa asibiti.

Na huɗu, wanda ya riga ya shiga, a komo da shi da tawali'u (Galatiyawa 6:1). Kada a yi masa tonon silili a gaban jama'a. Ya gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha. Idan barci ya ƙaurace masa, ko ya fara zargin mutane, ko yana jin muryoyi, a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Akwai asibitocin tarayya na masu taɓin hankali a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Sarƙa da bulala ba magani ba ne.

KAMMALAWA

Matar nan ta Markus 5:25-34 ta shekara 12 tana wahala, ta ƙarar da duk abin da take da shi, ciwon sai gaba yake yi. Yesu bai tsauta mata don ta nemi magani ba. Ya tsaya a tsakiyar taro, ya saurare ta, ya kira ta 'yarsa. Masu ciwon da ke cikin gidajenmu suna bukatar a saurare su haka. Duk abin da aka kawo mana da sunan magani, mu tambaya: An san abin da ke ciki? An gwada shi a kan wannan ciwon? Wane likita ne zai sa ido? Doka ta yarda? Zai bar mara lafiya cikin hankalinsa da 'yancinsa? Wiwin tasha da man da ake talla a waya sun faɗi a wannan ma'auni. Muna sauraron ranar da Wahayin Yahaya 21:4 ta alkawarta, sa'ad da azaba za ta ƙare. Kafin ranar, aikin Basamariye yana hannunmu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A GIDA

1. Me labarin Hezekiya ya koya mana game da addu'a da magani?
2. Yaya za ka amsa wa wanda ya kawo Farawa 1:29 a matsayin hujjar shan wiwi?
3. Wane bambanci ke tsakanin mofin da likita ya rubuta da wiwin da aka saya a tasha?
4. Wane darasi tiramadol da kodin suka bar mana?
5. Wane ne yake fama da ciwo a ikilisiyarku, me kuma iyalinku za su yi masa a wannan mako?

ADDU'A

Ya Uba mai jinƙai, kai ne ka san kukan da ake yi da dare a gidajenmu. Ka ba masu ciwo sauƙi, ka ba masu jinya ƙarfi, ka ba likitocinmu hikima. Ka tsare 'ya'yanmu daga abin da zai bautar da su, ka komo da waɗanda suka ɓata. Ka buɗe idanunmu da hannuwanmu ga maƙwabcinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.